Shirin Zamiya a Kan Ƙanƙara: Mako Takwas na Gina Jiki, da Yadda Ake Warwarewa Bayan An Sauko

Ranar da na fara ɗaura allunan zamiya a ƙafata a dutsen Erciyes, wanda ke da nisan kusan kilomita 25 daga birnin Kayseri na ƙasar Turkiyya, na je ne da tabbacin cewa jikina a murje yake. Ina buga ƙwallo duk ƙarshen mako, ina iya gudun minti arba'in ban tsaya ba. Amma ban kai ga saukowa ta huɗu ba sai cinyoyina suka kama rawa, gwiwoyina suka daina jin umarni. Malamin da ke koya mana, wani dattijo Baturke mai furfura a gira, ya dafa cinyarsa ya ce mini: "A nan birkinka yake. Ba ka taɓa koya masa aiki ba."

Wannan maganar ita ce ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Wasannin da muka saba da su, ƙwallo da gudu da keke, suna koya wa ƙafa turawa gaba. Zamiya a kan ƙanƙara kuwa aikin riƙewa ne. Dutse ne ke jan ka ƙasa, kai kuma kana tare nauyinka da cinya, gwiwa a lanƙwashe, tsokar tana miƙewa alhali tana ɗauke da kaya. Irin wannan aikin ya fi kowane gajiyar da tsoka, shi ne kuma ke kawo tsamin jikin da ke hana mutum sauka daga bene washegari. Na rubuta wannan jagorar ne don ɗalibanmu da ke Turkiyya da Turai, da masu zuwa hutu filin zamiya na Oukaïmeden a duwatsun Maroko, da ma wanda zai shiga Ski Dubai, rufaffen filin ƙanƙara da ke birnin Dubai, ya yi awa biyu, domin na ga 'yan'uwa da yawa sun kashe kuɗin hayar kaya da na mota, suka ƙare a zaune a ɗakin shan shayi tun kafin azahar.

Kada wani ya ce wasan ba namu ba ne. Kwame Nkrumah-Acheampong na Ghana ya koyi zamiya yana babba, a wani rufaffen fili a Milton Keynes na Ingila, ya kuma fafata a gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver a 2010. Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a Beijing a 2022. Jiki ne kawai, kuma jiki yana koyo.

Mataki na farko: san jininka da zuciyarka

Wannan matakin ya fi shafar mu a kan Turawan da za ka tarar a can. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba. Dutse mafi tsawo a duk Najeriya, Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419 ne. A Erciyes kuwa inda mota ke sauke ka ma ya haura mita 2,000, kujerun da ke ɗaukar mutane a kan waya suna kai ka sama da 3,000, ƙololuwar dutsen kuma tana mita 3,917. A tsawon mita 3,000, iskar da huhunka ke samu a kowane numfashi ba ta wuce kusan kashi 70 cikin 100 na wadda ka saba da ita a ƙasa ba.

Ga mai ciwon sikila, ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa su ne abubuwa ukun da ke tayar da ciwon, kuma dutsen ƙanƙara ya haɗa su duka a wuri ɗaya. Mai SS ko SC kada ya hau sai likitansa ya yarda. Mai AS ma, wanda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yake ɗauke da shi, yawanci lafiya lau yake hawa ya sauko, amma an san saifa na iya samun toshewar jini a wuri mai tsawo. Idan ka ji ciwo mai tsanani a hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, ka sauko ka nemi asibiti, ka gaya musu irin jininka. Mai hawan jini, mai asma wanda iska mai sanyi ke tayar masa, mai juna biyu, da wanda ya taɓa gocewa a gwiwa, duk su fara da ganin likita.

Mataki na biyu: numfashi

Nan ba sai na ja magana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wa baligi shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma wannan ya isa tushe. Sau uku a mako, yi minti 30 zuwa 45 na tafiya da sauri, ko sassarfa, ko keke, da ƙarfin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba.

Daga mako na uku, mayar da ɗaya daga cikin ranakun ta zama ta "ja ka saki": minti biyu da ƙarfi, minti biyu a hankali, sau biyar, a ƙara ɗaya kowane mako har ya kai sau takwas. Dalili shi ne haka wasan yake: ka sauko na 'yan mintuna zuciya na bugawa, ka zauna a kujerar hawa ka huta, ka sake saukowa.

Mataki na uku: koya wa cinya birki

A nan nake so ka zuba yawancin ƙoƙarinka. Rana biyu a mako, da tazarar aƙalla kwana biyu a tsakani. Ba ka bukatar gidan motsa jiki. Bango, matakala, da jakar goyo da aka cika da littattafai ko gorunan ruwa sun wadatar.

Fara da tsugunno mai jinkiri. Tsaya ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ka tura ɗuwawu baya kamar za ka zauna a kujera, kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu kafin cinyoyi su kwanta daidai da ƙasa. Ka dakata daƙiƙa ɗaya, ka miƙe. Sirrin yana cikin wannan ƙirgar ta huɗu. Mu mutanen tsugunno ne, muna durƙusawa mu gaida manya, muna zama a tabarma, don haka gwiwarmu na lanƙwasuwa da kyau, amma mun saba faɗawa ƙasa lokaci guda mu huta a kan dunduniya. Abin da ake so a nan shi ne ka hana kanka faɗawar. Sau goma, zagaye uku. Daga mako na uku ka goya jakar, da kilo biyar, sannan goma.

Na biyu, saukowa daga matakala da ƙafa ɗaya. Tsaya a kan mataki na farko, ka bar ƙafa ɗaya tana lilo a gefe, ka lanƙwasa ta saman a hankali har dunduniyar ɗayar ta taɓa ƙasa kamar tana taɓa ƙwai, sannan ka dawo. Dubi gwiwarka yayin da kake yi. Idan tana karkacewa ciki wajen ɗayar ƙafar, to tsokar ƙugunka ce ba ta da ƙarfi, kuma wannan karkacewar ce ke tsinka jijiyar gwiwa a kan ƙanƙara. Gwiwa ta bi saitin yatsa na biyu. Gara ka yi biyar a daidai da ka yi goma sha biyar a karkace.

Na uku, zaman bango. Jingina bayanka da bango, ka zame ƙasa kamar kana zaune a kujerar da babu ita. Daƙiƙa 30 da farko. Zuwa mako na takwas ka nemi minti ɗaya da rabi zuwa biyu, sau uku. Zafin da za ka ji a cinya shi ne daidai wanda zai zo maka a tsakiyar gangara, kuma gara ka san shi tun a ɗakinka.

Na huɗu, bayan cinya da ɗuwawu, waɗanda mutane ke mantawa. Kwanta rigingine, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama har jikinka ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ka sauke a hankali. Idan ya yi sauƙi, yi da ƙafa ɗaya. Tsokar bayan cinya ce ke riƙe ƙwauri kada ya zame gaba daga gwiwa, wato tana taya babbar jijiyar cikin gwiwa aiki. Raunin gwiwa shi ne ya fi yawa a wannan wasa, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk raunukan da ake samu.

Sai abin da na fi so, kuma ban ga kamarsa ba: saukowa daga tudu na gaske. Idan kana Kano, ga Dala da Goron Dutse. Idan kana Zariya, ga Kufena. Idan kana birnin da babu dutse, benen ɗakunan kwanan ɗalibai ya isa. Hau yadda ka ga dama, amma ka sauko a hankali, gwiwa a ɗan lanƙwashe, babu dirar ƙafa, babu riƙe ƙarfe. Karon farko za ka yi tsami na kwana biyu ko uku. Karo na biyu tsamin zai ragu sosai, domin tsoka da zarar ta sha irin wannan aikin sau ɗaya tana samun kariya ta makonni. Wannan kariyar ce kake son tafiya da ita dutsen, maimakon ka je ka saye ta a can da ranar hutunka.

Mataki na huɗu: langa

Duk wanda ya yi wasan langa yana yaro ya riga ya san rabin wannan darasi. Ƙwararren mai zamiya yana ɗora yawancin nauyinsa a ƙafa ɗaya a kowace kwana, ƙafar da ke wajen kwanar, sannan ya mayar kan ɗayar. Don haka ka riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya yayin da kake goge baki, minti ɗaya kowace ƙafa. Bayan mako biyu ka rufe ido, ko ka tsaya a kan filo.

Daga mako na biyar, bayan cinya ta fara ƙarfi, ƙara tsallen gefe. Ja layi a ƙasa, ka yi tsalle daga ƙafar dama zuwa ta hagu a ƙetaren layin, ka dira ba ƙara, ka tsaya cak daƙiƙa biyu kafin ka koma. Daƙiƙa 30, hutu, sau huɗu. Kada ka fara da wannan a mako na ɗaya, musamman idan kana da jiki.

Ciki da baya kuma: kwanta rub da ciki, ka ɗago a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar katako, daƙiƙa 30 zuwa 60. Yi ta gefe-gefe ma. Sau uku a mako.

A mako na takwas ka rage komai da rabi, kwana biyu na ƙarshe kuma tafiya kawai. Idan mako uku kawai ya rage maka, kada ka cusa na takwas a ciki. Ɗauki tsugunno mai jinkiri, zaman bango, da saukowa daga bene, ka bar tsalle.

Mataki na biyar: ranar kanta

Idan da hali, kwana ɗaya a gari kafin hawa. Kayseri tana kusan mita 1,050, Erzurum da ke gindin dutsen Palandöken, wani wurin zamiya a Turkiyya, ta kusa 1,900. Ciwon tsawo yakan fara ne daga mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci. Idan ya zo kada ka ƙara hawa. Idan numfashi na yi maka wuya kana zaune, ko tafiyarka ta koma tangaɗi, a sauko da kai nan take.

A wurin hayar kaya za su tambaye ka nauyinka, tsawonka, shekarunka, da iyawarka. Faɗi gaskiya. Da waɗannan suke saita maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allo, don ya sake ka idan ka faɗi. Wanda ya ce ya iya alhali bai iya ba, za a ɗaure masa maƙalin da ƙarfi, allon ya ƙi fita, ƙafar ta murɗe. Safa ɗaya mai tsawo ta fi biyu, domin ninki yana goge ƙwauri kuma yana matse jini. Hular kwano dole ce. 'Yar wasan kwaikwayo Natasha Richardson ta rasu a 2009 bayan faɗuwa a gangaren 'yan koyo a Mont Tremblant na Kanada, ba ta sanye da hula, kuma da farko ta tashi tana magana kamar ba abin da ya same ta. Wanda ya bugu a kai, ko da ya ce lafiya, a kai shi a duba.

Kafin saukowar farko, minti goma na ɗumama jiki: tafiya, lilo da ƙafa gaba da baya, tsugunno goma. Fara da gangaren 'yan koyo, ka ɗauki malami ko na awa biyu ne. A Turai da Turkiyya da launi ake yi wa kowane gangare alama: shuɗi shi ne mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi na gwanaye, wasu wuraren kuma suna da kore na masu farawa.

Sanyi yana ɓoye ƙishirwa. Iskar dutse busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturunmu, kowane numfashi yana fitar da ruwa, ga gumi a ƙarƙashin riguna. Sha 'yan kurɓi duk lokacin da ka zauna a kujerar hawa, ka sa gorar a aljihun ciki don kada ta daskare. Dabino biyar ko bakwai a aljihu sun fi kowane alawa. Kuma baƙar fata ba ta kare ido: sabuwar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, don haka kada ka cire tabarau, ka kuma shafa man kariya a hanci da leɓe.

Idan za ka faɗi, bari ka faɗi ta gefe, gwiwa a lanƙwashe, hannaye a gaba. Kada ka yi ƙoƙarin miƙewa kana cikin zamewa, kada kuma ka zauna baya a kan wutsiyar alluna kana kokawar dawowa, a nan ne jijiyar gwiwa ta fi tsinkewa. Saki sandar zamiya da ke hannunka, domin faɗuwa da ita a tafi tana gurɗe babban yatsa.

Sai maganar tsayawa. Wani ƙanenmu ɗalibi, yaro mai kuzari, ya same ni wajen ƙarfe uku na yamma, fuskarsa na sheƙi. Ya ce: "Yaya, ɗaya kawai, ta ƙarshe." Na riga na ga yadda yake miƙe gwiwa yana jingina baya, alamar cinya ta ƙare. Na ce masa ya bari. Bai ji ba, ni ma ban matsa ba, kuma har yau ina jin nauyin hakan. Da sandunan guragu ya ƙarasa zangon karatun. Da yamma ƙanƙarar ta riga ta tattaru tudu-tudu, inuwa ta sauko, wurin da ya narke ya fara daskarewa, kai kuma birkinka ya cinye. Idan ka faɗi sau biyu a inda ɗazu ba ka faɗuwa, ko cinya na rawa kana tsaye, ranar ta ƙare.

A shekarun nan watan azumi yana faɗowa ne a lokacin ƙanƙara, kuma zai ci gaba da haka na wasu shekaru. Yinin hunturu gajere ne, amma rashin ruwa a kan dutse ba wasa ba ne. Shawarata, a ɗage tafiyar zuwa bayan salla. Wanda ya zama lallai ya je, ya cika sahur da ruwa da abinci mai riƙe ciki, ya yi awa biyu da safe a gangare mai sauƙi, ya sauko. Wasu wuraren suna kunna fitilu a yi zamiyar dare, wadda za a iya yi bayan buɗa-baki.

Mataki na shida: warwarewa

Da ka cire takalman nan masu nauyi, kada ka faɗa kujera nan take. Canja rigar ciki da ta jiƙe, ka yi tafiyar minti goma a hankali. Sannan ka miƙar da gaban cinya, bayanta, ƙugu da sha-raɓa, daƙiƙa 30 kowanne, ba tare da fizga ba. Miƙewar ba za ta hana tsami ba, amma tana sassauta ƙagewa.

Ci abinci cikin awa ɗaya ko biyu, mai haɗe da hatsi da abin gina jiki. A Kayseri kwanon miyar adas (wani irin ƙananan wake) mai zafi da burodi, da kofin ayran, wanda nono ne da ruwa da gishiri, sun yi daidai da bukata. A ɗakinka, ƙwai uku da shinkafa da wake sun isa. Da fura da nono na samuwa a can, da ban nemi wani abu ba. Ci gaba da shan ruwa har fitsari ya yi fari-fari.

Ruwan ɗumi yana da daɗi kuma yana saki jiki. Masu zuwa dutsen Uludağ na Turkiyya suna da wuraren wankan ruwan zafi na birnin Bursa a gindin dutsen. Amma ka sha ruwa tukuna, kada ka wuce minti 15 zuwa 20, kuma kada ka gasa wurin da ya kumbura. Al'adarmu ce mu gasa targaɗe da ruwan zafi mu kira mai ja, to a kwana biyun farko wannan yana ƙara kumburi. Sabon rauni sanyi yake so: ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba da ƙarfi ba, a ɗora ƙafar a kan filo. Tausa mai taushi a tsokar da ta yi tsami ba laifi.

Barci shi ne babban magani, awa takwas idan za ka samu. A wuri mai tsawo barcin daren farko yakan zo a yayyanke, don haka ka bar shayi mai kauri da gahawa tun la'asar.

Tsami yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya fi tsanani tsakanin kwana na biyu da na uku, sannan ya sake. Kada ka kwanta masa. Tafiya ko keke a hankali na minti 20 zuwa 30 yana rage shi. Idan tafiyar ta kwanaki ce, ka sa rana ta uku ta zama rabin yini ko hutu gaba ɗaya. Kada kuma ka sha maganin kashe zafi da safe don ka koma kan dutse, domin zafin ne ke gaya maka inda matsala take.

Tsami yana kama ƙafafu biyu daidai, yana cikin nama, yana raguwa idan ka motsa. Rauni kuwa wuri ɗaya yake, yawanci a gaɓa. Je asibiti idan ka ji ƙarar "ƙas" a gwiwa lokacin faɗuwa, idan ta kumbura cikin 'yan awanni, idan tana gocewa ko ta ƙi miƙewa, idan ba ka iya taku huɗu a kanta, idan babban yatsa ya kasa riƙe makulli, ko fitsari ya koma kalar baƙin shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani. Kafin ka bar gida ka duba ko inshorar lafiyarka ta ɗalibi ko ta tafiya ta ƙunshi wasannin ƙanƙara, domin da yawa ba su ƙunsa ba sai an ƙara kuɗi.

Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan, bayan kwana huɗu ko biyar ka koma tsugunnonka da rabin nauyin da ka bari, mako mai zuwa ka cika shi. Rana ɗaya a mako ta cinya da ɗaya ta bene sun isa su riƙe maka ƙarfin har hunturu ya zagayo.